Akwatin Numfashi na Jikata

Ni karatuna a aji huɗu ya tsaya, a makarantar mishan, kuma ba laifin malamai ba ne, sun yi iya ƙoƙarinsu da bulala. Na iya karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, na iya rubuta wasiƙa, na iya sa hannu a takardar fansho ba sai an dangwala mini yatsa a tawada ba. Sauran abin da na sani a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan na tsince shi, a ɗakin sigina, inda na ja liba, wato ƙarfen da ke motsa sigina, har furfura ta same ni. Na faɗi wannan ne don a san girman mutumin da jami'a ta zo neman shawara wurinsa. Ita jami'ar ba ta san ta zo ba, amma ta zo.

Jikata ce ta kawo ta, 'yar babban ɗana da ke zaune a Sabon Tasha a Kaduna. Ranar da ta fara gaya mini abin da take karantawa, na ce, "To, likita za ki zama ke nan?"

Ta ce, "A'a, Kaka."

"Makanike?"

"Shi ma a'a. Tsakaninsu."

Na ce mata tsakanin likita da makanike ban san kowa ba sai mara lafiyan da motarsa ta lalace. Ta yi dariya, sannan ta yi mini bayani. Duk wanda ya taɓa jinya a ƙasar nan ya ga irin injinan nan da ake kawowa daga waje, masu kyau, masu tsada, an jingine su a lungu an lulluɓe da ƙyalle. An ƙera su ne don ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, inda in ƙusa ɗaya ta kwance akwai wanda zai kawo wata kafin azahar. Su kuma a sashensu ana koya musu su ƙera na'urorin lafiya na irin wurarenmu, inda ba wuta, ba likita kusa, hanya kuma in ruwa ya sauka sai mashin. Tun daga ranar nake kiranta Injiniya.

A shekararta ta ƙarshe ta zo mana cikin damina, da jaka a baya. Ta zazzage ta a kan tabarma. Akwai wayoyi, da ƙarfen narka dalma, da wani ɗan akwati kamar sabulun wanki mai ɗamara, da 'yar tsana ƙatuwa ta roba.

Kakarta, wato matata, ta ɗaga 'yar tsanar da ƙafa ɗaya ta ce, "Shekara biyar a jami'a, abin da kika kawo mana ke nan? Mu da muke jiran mai rai."

Akwatin shi ne aikinta na kammala karatu. Ciwon haƙarƙari, wanda 'yan asibiti ke kira nimoniya, yana ɗauke yara ƙanana a ƙauyukanmu, kuma alamarsa ta farko ita ce numfashi ya yi sauri. Uwa tana ganin mura ce, ta jira gobe, ta jira jibi. Akwatin nan ana ɗaura shi a ƙirjin yaro ya ƙirga numfashin. Yana da fitila biyu. In koriya ta kama, numfashi daidai yake. In ja ta kama, a ɗauki yaro a nufi asibiti yanzu. Ba a ba ta izinin ɗaura wa yaro mai rai ba tukuna, shi ya sa 'yar tsana. Jikata ce take kunna fitilar da take so daga wayarta.

Abin da ya kawo ta gida kuwa doka ce ta malaminta. Ya ce ta miƙa akwatin ga matan da ba su taɓa ganinsa ba, ta ce musu kawai yana duba numfashin yaro, ta kunna fitila, ta tambaya, "Me za ki yi?" Daga nan ta kama bakinta. In suka fahimta, aiki ya yi. In ba su fahimta ba, laifin akwati ne, ba na mata ba, kuma ba zai sa hannu ta shiga gaban masu jarrabawa ba. Saura mata mako uku. In ya wuce, sai baɗi, 'yan ajinsu su tafi bautar ƙasa su bar ta.

Da ni ta fara, wai don ta gyara bakinta kafin ta je wurin mutanen kirki. Ta ɗora mini 'yar tsana a cinya. Koriya ta kama.

"Kaka, me za ka yi?"

Na ce, "Hanya ta buɗe. A ɗauki yaro a tafi."

Ta ɗan yamutse fuska. Ta kunna ja.

Na ce, "Tsaya. Kada kowa ya motsa daga inda yake."

"Kaka, ka juya shi! Ja ita ce a tafi asibiti."

Na ajiye 'yar tsana a hankali, don ba ta yi mini laifi ba. Na ce, "Injiniya, direbobi nawa na tsayar da jar fitila a tashar nan? Na Jos, na Kaduna, na Fatakwal, da farinsu da baƙinsu. Ko ɗaya bai taɓa ganin ja ya ƙara wuta ba. In da ya yi, da yau ba ki da kaka."

Ta ce, "Kai ai ɗan reluwe ne. Ba don kai aka yi shi ba. Goyo kake yi?"

Na yarda ba na goyo.

Ran Alhamis ta tafi coci, ta tare matan zumunta bayan sun gama koyon waƙa. Ta dawo tana taku ɗai-ɗai. Duk sun gane, in ji ta. Ta kira malamin a waya a gabana, ta buɗe muryar wayar don in ji in ji kunya. Sai na ji ya ce, "Su wane ne matan?" Ta lissafa: malaman makaranta, matar fasto, wata nas mai ritaya, masu aiki a sakatariya. Ya ce, "Waɗannan in yaronsu ya yi tari sau biyu suna asibiti. Ki je inda za a yi amfani da shi." Ya kashe waya. Ban taɓa ganin mutumin ba, amma na ji ina sonsa.

Muka tafi wani ƙauye a gefen Nok, wajen dangin matata. Ni aka naɗa mai riƙe lema. Ƙaramar bas ta sauke mu a bakin hanya, mashin ya ƙarasa da mu ta tsakanin gonakin citta, ganye shar har inda ido ya tsaya. Matan suka taru a gindin ɗorawa, wasu da fartanya a kafaɗa. Hausarsu irin tamu ce ta nan, wadda mace ma "ya zo" ne, ba ruwanmu da rarrabewa.

Ta farko, wata mai jiki, ta ga ja ta ce, "Lafiya ke nan. Jini ya cika jikin yaro." Da koriya ta kama ta tsuke baki. "Wannan kalan kashin yaro ne in ciki ya lalace. Sai asibiti."

Injiniya ta rubuta.

Wasu sun faɗi daidai. Wasu sun faɗi irin nawa, don mazansu 'yan acaba ne, sun ga fitilar kan titi a Kaduna. Amma wadda ta karya mata gwiwa wata yarinya ce mai ɗan fari a baya. Ta dubi jar fitila, ta kwance akwatin daga ƙirjin 'yar tsana, ta miƙe.

Jikata ta ce, "Ina za ki?"

"Wurin mai caji mana. Ba caji ya ƙare ba? Haka waya na ya ke yi. In ya cika, ya nuna kore, sai in zo in sa wa yaro."

Matan suka ce gaskiya ne, haka tocila ma take yi. Ni na dubi jikata. Na ga tana kallon jaririn da ke bayan yarinyar, mai rai, yana barci da baki buɗe. Na san abin da take lissafawa: mai caji yana bakin hanya, caji kuma wuni guda ne.

A hanyar dawowa ban tsokane ta ba. Na daure har muka wuce rabin hanya, wanda a tarihin gidanmu ba a taɓa yi ba. Sannan na ce, "Injiniya, ɗan reluwe fa bai yi goyo ba, amma…"

Ta ce, "Kaka, don Allah."

Na bari.

Kwana huɗu tana fama. Ta ce duk littattafansu ja haɗari ne, duk 'yan ajinsu da ja da kore suka yi nasu. Ta ce za ta rubuta kalmomi a jikin fitilun, kakarta ta ce da wane yare, kuma wa zai karanta. Ta zana ɗan gida mai gicciye a matsayin asibiti, na duba na ce wannan ai cocinmu ne kafin a yi masa kwano. Ta goge. Tuwon ma sai an yi mata magana take ci.

A rana ta biyar Inna ta zo. Inna Bafulatana ce, rugarsu tana hayin rafi, ta fi shekara talatin tana kawo mana nono da man shanu. Ita da matata sun yi haihuwa tare, sun yi makokin 'yan'uwa tare, kowacce ta san sunan ciwon gwiwar ɗaya. Ta sauke ƙwarya a gindin mangwaro, ta ga 'yar tsana, ta ce, "Mai jirgi, ka sake haihuwa ne ba ka gaya mana ba?"

Na ce, "Da ke take kama, shi ya sa na ɓoye."

Jikata ta durƙusa ta gaishe ta, ta roƙe ta ta gwada. Inna ta karɓi 'yar tsana da akwatin a ƙirjinta. Ba ta ko dubi fitila ba. Ta sunkuya, ta wurga ta a baya, ta ja zane ta ɗaure, yadda hannunta ya saba tun kafin a haifi uban yarinyar.

Jikata ta ce, "Inna, ki duba fitilar. Wace ce ta kama?"

Inna ta juya kai hagu, ta juya dama. Ta ce, "'Yar nan, idona a gaba yake. Yaro yana baya, ƙirjinsa a manne da ni. Ina tatsa da shi, ina daka da shi, ina tafiya kasuwa da shi. Yaushe zan ga wutarki? In yana da magana, ki sa shi ya yi kuka."

Jikata ta zauna daɓas a ƙasa. Shekara guda tana gwada akwatin nan a kan tebur, 'yar tsana a kwance rigingine kamar 'yar Bature a gadon asibiti. Ita jikata da aka goya har ta yi wayo, a bayan wannan kakar tata da ke tsaye tana dariya.

To, sai neman kuka. Ta ɗauko waya ta fara kunna ƙararraki, mu uku muna alƙalanci. Ta kunna ɗan "ƙit-ƙit" irin na injin asibiti, Inna da matata duk suka kai hannu haɓar zane suna neman wayoyinsu. Ta kunna ƙararrawa, Inna ta ce wannan kiran cocinku ne, ba nata ba. Ta ce to ko murya za ta ɗauka tana cewa a tafi asibiti, Inna ta ce surukanta biyu ba su jin Hausa sai ta ciniki, matata kuma ta fara lissafa yarukan da ke tsakanin nan da Jere har yatsunta suka ƙare. Sai ta kunna jiniya.

Matata ta ce, "Kashe." Ba ta ɗaga murya ba. "A ƙasar nan ba a wasa da irin wannan ƙara. Mutane sun yi gudu ya ishe su. Uwa za ta ji ta kwashi yara ta yi daji."

Inna ta gyaɗa kai.

Muna nan zaune sai ɗan acaban da yake mayar da Inna bakin rafi ya iso ƙofar gida. Bai shigo ba, ba ya shigowa. Ya danna hon sau biyu, fiit-fiit. Inna tana tsakiyar ba matata labarin wata saniya, ba ta ko ƙarasa ba, ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ƙafarta tana laluben takalmi, hannunta ya kai ga ƙwarya. Har ta kai zaure da 'yar tsanar jami'a a bayanta.

Jikata ta bi ta da gudu. Na ɗauka 'yar tsana za ta karɓo. Ashe ɗan acaban ta nufa, ta kara waya a jikin mashin ɗinsa don ta ɗauki ƙarar, ta ce, "Yallaɓai, don Allah sake dannawa." Mutumin ya dube ni. Na ce masa ya danna, aikin gwamnati ne.

Da yamma ta zo ta same ni da fara'a, ta ce an gama: za ta cire fitilu, in numfashi ya yi sauri akwati ya yi hon, in lafiya ya yi shiru. A nan ne na gyara zama, don an shigo unguwarmu.

Na ce, "In batir ya mutu fa, me zai yi?"

"Shiru."

"In ɗamara ta zame?"

"Shiru."

"To uwa tana daka, ta ji shiru, ta ce Alhamdu lillahi ko ta ce mun gode Ubangiji. Shirun lafiya ne ko shirun mutuwar akwati?"

Sai na ba ta labarin hannun sigina. Ƙarfe ne a kan dogon sanda, can nesa da tasha, waya ce take haɗa shi da libar da nake ja. In na ja, hannu ya sunkuya, jirgi ya shigo. Amma an rataya masa wani nauyi a gindi. Ranar da waya ta tsinke, ko akuya ce ta yi sanadi ko ɓarawo, nauyin nan zai mayar da hannun ya miƙe, jirgi ya tsaya. Waɗanda suka ƙera shi sun san wata rana zai lalace, sai suka shirya masa yadda zai lalace. Na ce mata abin da ya mutu bai kamata ya yi kama da mai cewa lafiya lau ba.

Ban ga ta yi dariya ba. Ta ɗauko biro. Jikata, 'yar jami'a, tana rubuta maganata a littafi. Na so a ce akwai mai hoto kusa. Ta ce akwai wannan a karatunsu, da sunansa na Turanci, sun yi jarrabawa a kai har ta ci. Na ce to madalla, ga shi yau kun haɗu ido da ido.

Abin da ta yi shi ne ta sa akwatin ya riƙa ɗan ƙyas, ƙyas, tare da kowane numfashi, a hankali kamar agogon bango, yadda mai goyo za ta ji a bayanta. In ƙyas ya tsaya, a duba akwati. In hon ya tashi, a fita. Kwana uku tana kan teburina da ƙarfen dalma, gidan duk warin ƙonannen waya, tana rige-rige da masu ɗauke wuta. Ramukan fitilun ta toshe su da ɗanko.

Muka koma gindin ɗorawar nan, wannan karon kowace mace aka ce ta goya. Da hon ya tashi a bayan mai jikin nan, ta zabura ta ce, "Kai! Mashin ya zo, mu tafi." Aka ce ina? Ta ce, "Ina kuwa ake kai yaro da mashin? Asibiti mana." Yarinyar mai ɗan fari ta ba wata jaririnta, ta goya 'yar tsana, tana jin ƙyas-ƙyas tana murmushi. Jikata ta kashe shi daga waya ba ta faɗa ba. Yarinyar ta tsaya, ta karkata kai, ta ce, "Ya daina. Yanzu ne caji ya ƙare." Washegari Inna ta kai jikata rugarsu, ban bi su ba saboda rafin ya cika kuma gwiwata tana da ra'ayinta. Ta dawo da ƙwaryar nono kyauta da littafi cike da rubutu. Wata tsohuwa ɗaya ce kawai ta ce in ta ji hon za ta leƙa ta ga wane ne. Jikata ta rubuta wannan ma, ba ta ɓoye ba.

Malamin ya sa hannu saura kwana biyu.

Ranar jarrabawar ina gindin mangwaro ina ɓarar gyaɗa, waya a aljihun gaba. Sai bayan la'asar ta kira.

"Kaka."

"Injiniya. Yaya?"

Ta ce masu jarrabawar sun tsare ta fiye da kowa. Wani farfesa ya ce hon ɗin acaba ba ƙarar na'urar asibiti ba ce, ba a taɓa yi ba, duniya tana da tsarinta. Ta ce masa na'urar ba ta cikin asibiti ba ce, ta hanyar zuwa asibiti ce. Suka yi ta muhawara a junansu kamar ba ta wurin. A ƙarshe suka ce ta ƙara babi guda a kan abin da matan suka faɗa, da bakinsu, kada ta gyara musu Hausa. Har yanzu ba a ɗaura wa yaro mai rai ba, wannan sai an nemi izini an gwada a babban asibiti, kuma zai ɗauki lokaci. Amma malamin ya ce shi zai nema.

Na ce, "Duk na ji. Ke fa?"

"Na wuce, Kaka. Da 'yan ajinmu zan fita."

Na rufe bakin waya na gaya wa kakarta, ta saki muciya ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Na dawo kan waya na ce, "To ki saurara. Ranar da za a sa muku babbar riga da hular nan mai tuntu, ki ce su ajiye biyu."

Ta ce, "Rigar za a samu. Hular ce ba za ta shige ka ba."

"Don me?"

"Kanka ya kumbura tun daga Nok."

Bayan ta kashe na sa kakarta ta ɗauko zaren ɗinki ta auna kaina. Ba abin da ya ƙaru.